Sunan Mai Fim

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Tun ranar Talata da aka miƙo mini fasfona babu biza a ciki, magana ta zaga unguwarmu cewa Turawan nan ba sa ba wanda ya haura shekara saba'in bizar aiki. Hajiya Uwale maƙwabciyata, mai injin markaɗe, ita ta kawo mini labarin har ɗaki. Ta ce ƙanen mijin 'yarta ne ya faɗa, shi kuwa har ruwan ofishin ya taɓa sha. Na ce mata to, na ji. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan mata, kuma darasina na farko kullum shi ne su tambayi "an ce" waye ubansa. Na yi shara da dare ban talauce ba. Na ci ƙwai ina yarinya ban zama ɓarauniya ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Aikin da nake neman bizar dominsa fim ne, na 'yata ta fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma ranar da aka yaye ta gwaggona ta saɓa ta a baya ta tafi da ita. Ni ina ce mata "yarinyar", ita tana ce mini Malama kamar sauran ɗalibai. Shekararta arba'in da bakwai yanzu, har ta fara furfura. Tana shirya fim a kan 'yan mata biyar da aka tura ƙasar waje daga lardinmu su koyo aikin malanta, tun ana zuwa da akwatin kwano. Huɗu sun rasu, saura ni. Kwalejin da muka yi karatu za a rushe ta ƙarshen wata, kuma izinin ɗaukar hoto a cikinta na kwana shida ne kacal. Ta yi shekara biyu tana bin wannan izini. Ma'aikatanta duk sun sami biza, har mai riƙe fitila. Ni kaɗai aka mayar, aka ce in koma yau Alhamis, zuwan ƙarshe. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a bakin iyakar wata ƙasa da tsakar rana, da jakata a hammata da tabarau a hanci. Na ce yawwa, yau zan ga gaskiyar maganar Uwale da idona.

Layin masu neman biza ya juya wa ofishin baya. Duk wanda ya matsa gaba nesa yake ƙara yi da ƙofa, don haka masu wayo suna tafiya da baya, suna taka ƙafar juna suna ba da haƙuri. Wata zabuwa ce ke raba lamba. Ta ba ni lamba ta jiya.

Na ce, "Wannan ta wuce."

Ta ce, "Shi ya sa babu layi a kanta. Shiga."

A bakin ƙofa Hajiya Uwale na zaune gaban kasko tana suya. Na leƙa, sai na ga "an ce" take soyawa kamar ƙosai, tana tsamewa tana zubawa a kwando, mutane na ɗauka da zafinsa suna hurawa.

Ta ce, "Malama Kande, ɗanɗana na yau. An ce wanda ya haura saba'in ko inuwarsa ba sa bari ta wuce."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "Ke dai ci. Ba a tambayar ƙosai gonar wake."

Cikin ofishin wani bunsuru ne a kan kujera, da kwat da agogo a ƙaho. Ya nuna mini sikeli irin na masu auna gyaɗa, ya ce in sauke shekaruna a kai. Na kwance su daga bakin zane na zuba. Saba'in da ɗaya ne, wasu sun yi tsatsa, shekarar da mahaifiyata ta rasu ta fi sauran nauyi har sikelin ya yi ƙara. Bunsurun ya duba, ya yi hamma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ce ba kwa ba tsofaffi biza."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ji daɗin tambayar har na kusa ba shi maki. Ya nuna taga da gemu. A waje wani kunkuru na jan akwati, da hatimi sabo a bayansa, tawadar ba ta ko bushe ba.

Ya ce, "Shekararsa ɗari uku da goma. Da safe muka ba shi. Zai fito a fim ɗin tsere. Kwashe kayanki, Hajiya, shekaru ba sa cikin abin da muka haramta."

Na kwashe na ɗaure. Da a nan mafarkin ya tsaya, da na tashi ina dariya na je na ƙwanƙwasa wa Uwale ƙofa. Amma bunsurun ya ce in wuce ɗaki na gaba, kuma na san akwai sauran tambaya.

A ɗaki na gaba na tarar da Sabi'u, mai ɗaukar hoton yarinyar, ya zaunar da kyamara a benci ya sa mata hula. Ita ma sai da nata fasfo. Matsalar ita ce ana son hotonta, kuma duk ƙasar babu mai ɗaukar hoto sai ita. An kawo madubi, madubin ya ce shi ba shi da izinin aiki. Wata tunkiya da biro a kunne tana yi wa kyamarar tambayoyi.

"Me kika gani a hanya?"

Kyamarar ta ce, "Ban ga komai ba. Ni sai an danna ni."

"Abin da kika gani a nan za ki fita da shi?"

"In an ba ni izini."

"Izinin gani daban, izinin tunawa daban. Wanne kika cika?"

Sabi'u ya juyo gare ni, gumi na gangaro masa. Ya ce, "Hajiya, mun sami izinin bango da na bishiya da na tsuntsu biyu. Iska ce ta ƙi tsayawa ta sa hannu. Ke fa?"

Na ce, "Ana kai."

Ya ce, "Don Allah a yi sauri. Shugabar fim ɗin ta ce in babu ke, sai dai mu ɗauki bulo."

Ruwa ya kece. A ƙasar daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, don haka kowa ya buɗe lema ya taka ta. Zanena ya jiƙe daga ƙasa, ɗankwalina a bushe. Wani ɗan sanda yana bin ɗigon ruwan da littafi yana tambayar takardar fita.

Sai aka ce inuwata ma ta shiga layi, tunda za ta fito a fim. Ta rabu da ƙafata ba ko sallama, ta je gaban tunkiyar ta tsaya da ladabi. Na ji ana tambayarta shekaru, ta faɗa. Garin haihuwa, ta faɗa. Sannan tunkiyar ta sunkuyo ta yi wata tambaya, inuwar ta raɗa mata amsa a kunne, kalma ɗaya. Tim, aka buga mata hatimi. Ta wuce ta ƙofar baya ba ta waiwayo ba, ta bar ni tsaye a rana kamar sanda.

Na ce, "Mara kunya." Babu wanda ya kula ni.

Ban san yadda aka yi ba, ga ni kuma gaban bunsurun. Wannan karon tagar bayansa ta faɗaɗa, kuma ta cikinta ina hango kwalejinmu, jan bulo hawa huɗu, da agogonta da bai taɓa yin daidai ba. Ga tagar ɗakinmu a hawa na uku, inda muke shanya daddawa a ɓoye har matar da ke kula da mu ta kira masu gyaran bututu. A kan rufin wasu mutane na zaune da guduma a cinya suna cin burodi.

Bunsurun ya ce, "Tambaya ta tara. Wa ya ɗauke ki aiki?"

Na ce, "Mai fim ɗin."

"Sunanta."

"Yarinyar."

Mutanen rufin suka ajiye burodi. Suka ɗaga hawa na huɗu gaba ɗayansa kamar murfin tukunya, suka miƙa wa wani a sama, suka zauna a kan na uku.

Bunsurun ya ce, "Yarinya muna da miliyan tara a rajista. Wacce?"

Na gyara tabarau. Na yi masa bayani da Turancin da na koyar shekara da shekaru, mai aya da waƙafi, cewa ita ce yayar Nasiru, jikar Malam Tanimu na Tudun Wada, doguwa, mai wushirya, tana taɓa kunnenta na hagu in ta rasa abin faɗa. Ban san na san wannan na ƙarshen ba sai da na ji shi ya fito.

Ya ce, "Kin san kunnenta, ba ki san sunanta ba?"

"Na sani."

"To?"

Hawa na uku ya tafi, da tagarmu da warin daddawar.

Na ce, "Ba ni biro in rubuta maka." Ai na sha rubuta shi. Ni na cika mata takardar shiga firamare, ni na sa hannu a ta sakandare, rubutu ba ya cikin abin da aka hana. Ya miƙo mini takarda, na rubuta da kyakkyawan hannu, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismillah, ya cinye.

Ya ce, "Madalla, akwai gishiri. Amma a nan rubutu abinci ne, Hajiya. Baki muke karɓa."

Na ce, "A garinmu uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari."

"Me zai faru in ta faɗa?"

Ba a taɓa gaya mini abin da zai faru ba. Na shara an ce talauci, na ƙwai an ce sata, su na gwada su na ƙaryata. Wannan ba a ɗaura masa ko barazana ba, an dai ce kunya, ni kuwa na karɓa na ajiye ban ko juya shi na ga bayansa ba.

Bunsurun ya duba agogon ƙahonsa. Ya ce, "Wa ya ce?"

Wannan karon ban ji daɗin tambayar ba.

Sai ga ni a harabar kwalejin, ban ga hanyar da na bi ba. Hawa biyu suka rage. A kan matakala ƙawayena huɗu na zaune cikin rigunan sanyin da aka raba mana a filin jirgi, masu ƙaiƙayi, hannu ya fi namu tsawo. Ba su tsufa ba ko kaɗan. Larai, wadda ta fi mu baki, wadda ta riga kowa rasuwa, tana saƙa.

Na ce, "Ku ya aka yi kuka shigo?"

Larai ta ce, "Mu ba a tambayarmu takarda. Wannan ne kaɗai ribar abin." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kande, ke ce haka? Ina wuyan nan da kike yi mana yanga da shi?"

"Yana nan cikin mayafi."

"Ke ce kika tsaya a ɗakin taron can kika yi wa shugabar makaranta gardama a kan taswira har ta yi ja. Ke ce kika hana mu tsoron kukan mujiya. Yau bunsuru ya kayar da ke da tambaya ɗaya?"

Na ce, "Larai, ke ba ki haihu ba, ba ki san abin ba."

Ta ce, "Na sani mana. Ni ma 'yar fari ce. Har na mutu ina jira." Ta ci gaba da saƙarta, sauran ukun suka sunkuyar da kai.

A tsakiyar filin yarinyar na tsaye bayan kyamara. An ja farin layi a ƙasa tsakanina da su, wanda ba shi da hatimi ba ya tsallakawa. Inuwata na can gefen kujerar da aka tanada mini, ta harɗe ƙafa, ana shafa mata hoda. Na lura yarinyar ta yi haske-haske, ina hango bulon bango ta cikin kafaɗarta. Tunkiyar nan ta bayyana kusa da ni ta ce haka dokar take: wanda ba a kira sunansa ba har la'asar, ana cire shi daga hoto.

Na duba agogon kwalejin. Karo na farko a rayuwarsa ya yi daidai, kuma saura kaɗan.

Yarinyar ta ɗago kai. Ta ce, "Malama, sannu da zuwa. An gama?"

Na ce, "Saura tambaya ɗaya."

"Wacce?"

Ta taɓa kunnenta na hagu.

Ta ce, "Ba komai, Malama, kada ki takura kanki. Zan ajiye kujerar haka nan in ɗauke ta ba kowa. Na iya ɗaukar kujera ba kowa, tun ina ƙarama nake yi." Ta juya ga Sabi'u. "A kunna fitila."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da da fushi ne, da na sami abin riƙewa.

Mutanen guduma suka ɗaga hawa na biyu. Ƙura ba ta tashi ba, sai takardun jarrabawarmu suka yi ta zubowa sama tare da ruwan. Yanzu hannun yarinyar ya ɓace har gwiwa, kyamarar na tsaye da kanta. Wushiryarta kaɗai ta rage sosai, don tana ƙoƙarin yi mini murmushi.

Aka kawo teburin bunsurun aka dasa a kan farin layin, shi da wata jami'ar kwastan, jimina mai dogon wuya. Jiminar ta zura kai ta leƙa bakina.

Ta ce, "Akwai kaya a nan da ba a bayyana ba."

Na ce, "Haƙoran roba ne."

"Ƙarƙashin harshe."

Na sa yatsa na taɓa. Yana nan. Ɗan ƙarami ne, bai fi ƙwayar dabino ba, a naɗe cikin ƙyallen atamfar da na ɗaura ranar suna, mai zanen tsuntsu. Da ɗuminsa. Ranar nan ina ɗaki a bayan labule na ji maroƙi ya ɗaga murya ya faɗe shi a ƙofar gida, na maimaita sau ɗaya a zuci, gwaggona ta harare ni kamar ta ji, na haɗiye. Ashe bai wuce ba.

Jiminar ta ce, "Shekara nawa kina yawo da shi?"

"Arba'in da bakwai."

"Na waye?"

"Nata."

"To me yake yi a bakinki?"

Bunsurun ya ɗaga hatimi ya riƙe a sama. Larai ta ajiye saƙa. Mutanen guduma suka tofa yawu a tafin hannu suka kama hawan ƙarshe, wanda matakalar ke jikinsa, da ƙawayena a kai. Na cika ƙirjina da iska kamar zan kira ɗaliba daga ƙarshen fili. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, na ɗaga shi da ƙyar, ƙyallen ya fara warwarewa, na ji sunan ya motsa ya miƙe ƙafafu. Yarinyar ta juyo da abin da ya rage na fuskarta. Daidai nan wata katafila ta shigo ta ƙofar kwalejin tana ruri, tana ruri, ƙarar ta cika filin har ban ji muryar kaina ba.

Injin markaɗen Hajiya Uwale ne. Ƙarfe bakwai saura, ta tayar da shi a kan waken masu ƙosai. Na tashi zaune, wuyana ya jiƙe, inuwata na nan a bango inda na bar ta. Na yi salla a makare, na yi wanka, na sa tufafi, na ɗauki fasfo da takardun. A waje na ji tsayuwar mota da rufe ƙofa, sannan takun da na sani a zaure, da sallamarta: "Malama, kin shirya?"

Uwale ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk ƙullu, ta rage ƙarar injin.

Ta ce, "Malama Kande, komawa za ki yi? Kina wahalar da ƙafarki a banza. Ai an ce wanda ya haura saba'in..."

Na ce, "Ba shekaru ba ne, Uwale. Ranar Talata Baturen ofishin ko shekaruna bai tambaya ba. Sau uku ya ce in faɗi sunan wadda ta ɗauke ni aiki, sau uku na ce yarinyar."

Ta kashe injin gaba ɗaya. Takun zauren ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida.

Na ce, "Sunanta Lubabatu."